Tushen Yaƙin Cacar Baka Tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet

Yaƙin Cacar Baka shi ne zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 har zuwa rushewar Sobiyet a 1991. Rundunonin ƙasashen biyu ba su taɓa gwabza cikakken yaƙi gaba da gaba ba, amma sun raba duniya gida biyu, sun tara makaman ƙare dangi, sun kuma hura wutar yaƙe-yaƙe a ƙasashen wasu. Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda ƙasashen da suka haɗa kai suka kayar da Hitler suka koma abokan gaba cikin shekara biyu kacal.

Saɓanin aƙida shi ne mafi tsufa a cikin dalilan. A 1917 Lenin da jam'iyyarsa ta Bolshevik suka ƙwace mulki a Rasha, suka kafa tsarin gurguzu, inda masana'antu da bankuna da filaye suka koma hannun hukuma a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. Amurka kuwa a kan jari-hujja take, wato kowa da dukiyarsa da kasuwarsa, jam'iyyu kuma su yi takara. Manomin Yasore ko Batsari ko Safana zai fi kowa gane nauyin wannan bambanci ta fuskar gona. A gandu, gona ta gida ce, maigida ke rabon aiki, amfani kuma ya shiga rumbun iyali. A gonakin gama-kai da Stalin, magajin Lenin, ya tilasta daga 1929, hukuma ce ke faɗin abin da za a shuka, ita ke kwashe kasonta tun kafin manomi ya ci, kuma yunwar da ta biyo baya a 1932 da 1933 ta hallaka miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan. Su ma 'yan gurguzu suna da abin nunawa, domin karayar tattalin arzikin 1929 ta jefa miliyoyin ma'aikatan Yamma cikin rashin aiki, ga kuma mulkin mallaka da Ingila da Faransa suke yi wa babban ɓangaren duniya a lokacin.

Rashin yarda ya samo asali tun lokacin. Daga 1918 Ingila da Faransa da Amurka da Japan suka tura sojoji Rasha suna mara wa maƙiyan Bolshevik baya, Amurka kuma ba ta amince da gwamnatin Sobiyet ba sai a 1933. Yamma ma ba ta manta da yarjejeniyar da Stalin ya ƙulla da Hitler a Agustan 1939 ba, wadda a ƙarƙashinta suka raba Polan. Ƙawancen da ya haɗa su bayan Jamus ta auka wa Sobiyet a Yunin 1941 auren dole ne. Ko a cikinsa Stalin ya yi ta ƙorafin cewa an bar mutanensa su kaɗai suna zubar da jini, tun da sojojin Amurka da Ingila ba su sauka a Faransa ba sai a Yunin 1944.

Sai dai aƙida kaɗai ba ta isa bayani ba. Saɓanin yana nan tun 1917, kusan shekara talatin, bai raba duniya ba. Abin da ya sauya a 1945 shi ne yaƙi ya share manyan da ke tsakani. Jamus da Japan sun durƙushe, Faransa ta fito daga mamaya, Ingila ta ci nasara amma bashi ya yi mata katutu. Ƙasa biyu suka rage, kuma halinsu ya sha bamban. Amurka ta rasa mutum kimanin 400,000, biranenta ba su ga bam ba, masana'antunta na samar da kusan rabin kayan da ake ƙerawa a duniya. Sobiyet ta rasa kimanin miliyan 27, yammacin ƙasar ya zama kufai, amma sojojinta na zaune daga Warso har Balin.

Nan ne zuciyar matsalar take. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta hanyar Polan Napoleon ya shiga Rasha a 1812, ta nan Jamus ta shigo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta nan ta dawo a 1941. Don haka Stalin ya ƙudura cewa duk ƙasar da ke bakin iyakarsa ta yamma sai gwamnatin da ke jin maganarsa. A taron Yalta na Fabrairun 1945, shi da Roosevelt na Amurka da Churchill na Ingila sun amince a yi zaɓe na gaskiya a Polan, amma ya san zaɓe na gaskiya ba zai ba 'yan gurguzu mulki ba, sai ya danne. Tsoron Sobiyet na gaske ne, zaluncin da aka yi wa mutanen Polan da Hangari da Romaniya da sunan wannan tsoro shi ma na gaske ne, kuma duk bayanin da ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya bai yi adalci ba. Amurka ma da nata tsumman. Shugabanninta sun ɗauki darasi daga 1938, lokacin da aka lallashi Hitler a Munik ya ƙara gaba, sai suka riƙa kallon kowane motsi na Stalin da wannan ido. Shingen da ɗaya ya kafa don kare gonarsa, ɗayan cin iyaka yake gani.

Bam ɗin nukiliya ya ƙara dagula lamarin. Roosevelt ya rasu a Afrilun 1945, Truman ya gaje shi, kuma a ranakun 6 da 9 ga Agusta aka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki. Stalin ya ɗauki wannan a matsayin gargaɗi gare shi, ya sa masanansa gaba har Sobiyet ta gwada nata a Agustan 1949.

Daga nan abubuwa suka riƙa bin juna da sauri. A 1946 an yi taƙaddama kan jinkirin janye sojojin Sobiyet daga arewacin Iran, da matsin da ake wa Turkiyya kan mashigin tekunta. A Maris na shekarar Churchill ya yi jawabi a garin Fulton na Amurka inda ya ce labulen ƙarfe ya raba Turai. A Maris 1947 Truman ya nemi dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya, ya kuma shelanta manufar dakatar da yaɗuwar gurguzu. Shirin Marshall ya biyo baya, wanda ya zuba kimanin dala biliyan 13 a Yammacin Turai. Amurka ta ce gyaran ɓarnar yaƙi ne, Stalin ya ga sayen ƙasashe da dala, ya hana na gabas karɓa.

Jamus ce ta yanke sauran igiyar. An raba ta kashi huɗu, aka raba Balin haka. Sobiyet na son diyya da Jamus mai rauni, Amurka da Ingila kuwa sun gane Turai ba za ta farfaɗo ba muddin masana'antun Jamus na kwance. Da Yamma ta fitar da sabon kuɗi a yankunanta a Yunin 1948, Stalin ya toshe hanyoyin ƙasa zuwa Balin ta Yamma, aka shafe kusan wata goma sha ɗaya ana kai abinci da gawayi ta jiragen sama. A 1949 aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, Jamus ta zama ƙasa biyu, 'yan gurguzu ƙarƙashin Mao suka karɓi mulki a Sin. A Yunin 1950 yaƙi ya ɓarke a Koriya, a 1955 kuma Sobiyet ta kafa ƙawancen Warso.

Rushewar mulkin mallaka ta jawo gasar zuwa Afirka, domin kowace sabuwar ƙasa ƙuri'a ce a Majalisar Ɗinkin Duniya, da ma'adinai da tashoshi. Ma'adinin uraniyom da aka yi bam ɗin Hiroshima da shi, akasarinsa daga Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi, kuma a Kwangon ne aka kashe Patrice Lumumba, firaministanta na farko, a Janairun 1961, lokacin da sojojin Nijeriya ke can a rundunar Majalisar. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta karkata ga Yamma, ko da yake matsin ɗalibai da 'yan adawa ya sa aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962. A 1967 kuma, da yaƙin basasa ya tashi aka hana gwamnatin Gowon jiragen yaƙi daga Yamma, Mosko ce ta sayar mata da samfurin MiG. A karkarar Katsina ta akwatin rediyo cacar ta fi shigowa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidajen rediyon Mosko da Sin da Jamus suka biyo a shekarun 1960, Muryar Amurka ta fara nata a 1979, kowace tana ba manomi labarin duniya a harshensa, daga ɓangaren da take tsaye.