Alkamar da Ta Makara: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana kan noma, sai da na yi dariya, domin duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san ni ne kan gaba wajen gudun gonar makaranta. Ga malaminmu na aikin gona nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, yau fartanyar da na guda ita ke ciyar da ni.

Tun da na bar aikin gwamnati nake noman rani a Kadawa, da ruwan madatsar Tiga. Alkama 'yar sanyi ce. A wajenmu lokacin shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa farkon Disamba, don ta girma cikin hunturu, ta zuba ido kafin zafi ya sauko. A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashinta, na zuba kusan duk abin da nake da shi a hekta 2. Amma shinkafar damina ta daɗe ban kwashe ta ba, mai tarakta kuma ya yi ta yi mini gobe-jibi. Ban shuka ba sai ƙarshen Disamba. Laifi na biyu nawa ne: wanda ya makara ƙara iri yake yi, ni kuwa kilo 100 da na saba zubawa a hekta shi na zuba, irin ma ajiyar bara ne da ban gwada tsirarsa ba.

Bayan mako uku na tsaya a bakin gona, gabana ya faɗi. Tsiro jefi-jefi, ƙasa a fili kamar kan wasunmu a nan. Wani maƙwabcina ya ce in kife ta in sa masara. Wani ya ce in sake watsa iri a gurabun. Na biyun bai karɓu ba, domin alkamar tsakiyar Janairu zafi ne zai dafa ta, kuma gona ɗaya ba ta nuna sau biyu.

Abin da ya cece ni ƙirga ne. Na haɗa sanduna huɗu, mita ɗaya kowace, na riƙa ajiyewa a wurare goma ina ƙirga tsiro. Inda ya kamata in ga 200 ko fiye, nawa bai wuce 120 ba. Sai dai a warwatse suke daidai, ba wai nan cunkus can fayau ba. To, alkama tana 'ya'ya; tushe ɗaya kan fitar da kara uku ko huɗu in ya sami abinci da sarari. Sarari kam akwai shi. Saura abinci, kuma lokacinsa gajere ne ƙwarai.

Don haka ban jira ba. A makon nan na uku, lokacin da take sakin sababbin saiwoyi, na ba ta yuriya na bi da ruwa. Ragowar takin na zuba kafin ta fara gaɓa. A nan mutane da yawa ke kuskure: su ga gona ba ta cika ba, su yi ta antaya taki har ta fitar da kai. Takin da ya zo a makare ganye yake ƙara mata, ya jinkirta nunarta, ya miƙa ta ga zafin Maris. Kuɗinka ka sa ka sayi asara.

Ciyawa kuwa, gonar da ba ta rufe ba gidanta ce. Sau biyu na sa aka cire da hannu, kuma ya ci kuɗi.

Ta fitar da kai a ƙarshen Fabrairu, daidai lokacin da hazo ya ɗauke. Zafi a lokacin fure da zuba ido shi ke sa ƙwaya ta shanye ta zama kamar tsaki. Ba ni da ikon rana, amma ina da ikon ruwa. Maimakon ban-ruwa duk mako, na koma duk kwana biyar, kaɗan-kaɗan, da yamma. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi ba na bayarwa, don kada ta kwanta.

Akwai wahalar da ba wanda ya gaya mini. Maƙwabta sun girbe tasu sun tafi, tawa ce kaɗai ta rage tsaye, tsuntsayen yankin duka suka dawo kaina, ga shanu sun shigo kiwon kara. Cikin azumin 2023, ni da yarana muna gona tun asuba da gwangwani da majajjawa.

Mun yanke a farkon Afrilu. Na sami kamar kashi biyu cikin uku na abin da na saba samu. Kuɗin taki da na ma'aikata sun fito, kuɗin makarantar autata ma ya fito, riba dai ba a maganarta. Tun daga nan nake shuka shinkafa mai saurin nuna don in sami gonata a Nuwamba, kuma nakan jiƙa ƙwaya 100 a tsumma in ga nawa za su tsiro kafin in watsa iri.

Gurasar da za a kawo bayan sallar azahar, da alkamar gonata aka yi ta. Malam shi zai fara ɗanɗanawa, ya ba ni makin da ya hana ni a aji uku.