Gyaɗa ɗaya, suna uku: darasin Sifaniyanci na wannan mako

Yau a kan gyaɗa za mu yi magana. Eh, gyaɗar nan dai da muke ɓarewa a bakin titi.

In ka buɗe manhajar koyon Sifaniyanci, wataƙila kalma ɗaya za ta ba ka. To amma uku ne ya kamata ka riƙe. A Sifaniya ana cewa cacahuete, a furta "kakawete", domin harafin h ba ya fita a harshensu. A Meziko kuma cacahuate, wato "kakawate". Wasali ɗaya ne ya raba su. Amma da ka shiga Kuba, Kolombiya, Peru ko Ajantina, sai ka ji maní, da ƙarfi a gaɓar ƙarshe.

Me ya kawo haka? Ita gyaɗa asalinta Kudancin Amurka ce, Turawa ba su san ta ba kafin 1492. Da Sifaniyawa suka sauka tsibiran Karebiyan, a bakin mutanen Taino suka ji maní. Da suka ci daular Aztek a 1521, sai suka tarar da kalmar harshen Nahuwal, tlalcacahuatl, ma'ana "kokon ƙasa", saboda 'ya'yanta a cikin ƙasa suke nuna. Kun ga ke nan duka sunayen ba na Bature ba ne. An ƙwace ƙasar mutanen, amma kalmarsu tana nan a bakin jikokin waɗanda suka ƙwace.

Kada ku ɗauka wannan wasa ne. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, in ya haddace cacahuete kaɗai, ya je Ajantina ya ga maní a jikin kwali bai gane ba, ai asibiti ne. Haka ɗan kasuwar da zai rubuta wa kamfani a Kordoba, lardin da ya fi noman gyaɗa a Ajantina, gara ya yi amfani da kalmar da suke amfani da ita.

Mu ma fa haka muke. Bakano ya ce gyaɗa, mutumin Maraɗi ko Sakkwato ya ce gujiya, alhali a Kano in ka ce gujiya wata aba daban za a miƙo maka. Wa ya yi kuskure a cikinsu? Babu. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasunmu ke yi wa karin harshen wani dariya a kafafen sada zumunta.

Saboda haka kafin ka haddace kalma, tambayi kanka: da wa zan yi magana? Aikin gida na wannan mako: ku rubuta jimla ɗaya da kowace kalma cikin ukun nan, ku kuma faɗa mana yadda ake kiran gyaɗa a garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.