Gyambon Da Ya Ƙi Jin Magani Yakan Taɓa Ƙoda

Jawabin da wani likita ya yi wa 'yan Arewa mazauna Sabo ta Ibadan

Bayan ya gai da shugabanni da malamai, likitan ya fara da zancen kafson nan ja-da-rawaya da 'yan talla ke yawo da shi a tasha. Ya ce ɗan dako zai ji rauni a ƙafa har ya zama gyambo, sai ya sayi kafso biyu ko uku ya haɗiye, zafi na lafawa ya koma bakin aiki. Ƙwayoyin cuta marasa ƙarfi sun mutu ke nan, masu taurin kai kuwa sun saura suna hayayyafa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi kashedi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba. A 1961 kuma aka ga ƙwayar sitafilokokas, mai kawo maruru, ta daina jin maganin metisilin a Ingila.

To, ina ruwan ƙoda da gyambo? Likitan ya ce kowace ƙoda tana da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya masu tace jini. Idan jiki ya daɗe yana yaƙi da cutar da ta ƙi mutuwa, tarkacen yaƙin yakan maƙale a cikin matatan nan, su kumbura. Daga nan jini ya riƙa zurarewa cikin fitsari, ruwa da gishiri kuma su taru a jiki. Tsofaffi da masu ciwon sukari ne abin ya fi kamawa.

Alamun ba a ɓoye suke ba: fitsari ya ragu, ya koma launin shayin da ba madara, fuska ta kumbura da asuba, ƙafafu su yi suntum. A nan ne, in ji shi, mutanenmu kan ce sammu ne, a sa majinyaci a mota a nufi gida, alhali ga asibiti a kusa. Kwanakin da aka ɓata a hanya kuwa ƙodar ce ke biyansu.

Ya roƙi jama'a da su kai irin wannan majinyaci a auna fitsarinsa da jininsa, a ɗebi ruwan gyambon a kai ɗakin awo, inda cikin kwana biyu ko uku akan gane maganin da zai ci cutar. Kada kuma a ƙara masa da maganin ciwon jiki irin su diclofenac, domin shi ma yana wahal da ƙoda. Wanda ƙodarsa ta gaza baki ɗaya sai na'urar wankin jini, sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama.