Tawakkali da Jinyar Yaro Mai Ciwon Daji a Gidan Ma'aikaci



Jawabina na yau ya shafi iyalin ma'aikacin da ke ɗiban fata a majemun Challawa, ko yake tsaye gaban inji a Sharaɗa ko Bompai, sa'ad da likita ya ce masa ɗansa na da ciwon daji. Kalmar farko da ke fita daga bakin irin wannan uba ita ce miƙa al'amari ga Allah. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake so mu duba shi ne inda wannan tawakkali ke kai shi bayan mako uku.

Ciwon da aka fi sani ga yaran ƙasashenmu shi ne wanda Denis Burkitt, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, ya bayyana a 1958 yana aiki a Kampala ta Uganda. Yakan kama yaro ɗan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata, ya kumbura muƙamuƙi ko ciki, haƙora su soma girgiɗi. A 1964 Epstein da Barr suka gano wata ƙwayar cuta a cikin ƙarin, daga baya kuma aka fahimci cewa yawan zazzaɓin cizon sauro na share masa fage. Wannan ƙari yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka kwanakin da aka ɓata wurin wanzami ana cire haƙori, ko ana shafe-shafe don an ce daji ba ya son allura, kwanaki ne masu tsada ƙwarai.

Amma ga abin mamaki. Saurin girman nan shi ne kuma rauninsa, domin maganin da ake ɗurawa ta jijiya ya fi cin ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka, har aka ba shi lambar girma ta Lasker a Amurka a 1972 tare da Burkitt. Sau da yawa bayan ɗuri na farko sai kumburi ya saɓe, fuskar yaro ta dawo, ya nemi tuwo.

To, a nan ne haɗarin yake. Uwa ta kwana tana nafila, an yi saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa, an raba waina sadaka, ga shi kuma yaro ya tashi. Wa zai ce mata addu'a ba ta ci ba? Lalle ta ci. Sai dai likita ya san akwai sauran ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma dole a sake ɗuri sau da dama, mako biyu ko uku tsakani. In aka tsaya a na farko, ciwon kan dawo, kuma dawowarsa ta fi zuwansa wuyar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 na warkewa daga ciwon daji, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Katse magani yana cikin manyan dalilan da ta ambata. A 2018 ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030.

Kada mu yi saurin ɗora wa uban laifin jahilci. A ganina, sau da yawa "mun bar wa Allah" riga ce ta mutunci da talaka ke rufe aljihunsa da ita. Masaƙu da yawa na Kano sun rufe tun shekarun 1990, kuma mai aikin yini, ran da ya kwana a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ran nan ba shi da lada. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kansa a 2024 naira 70,000 ne. Daga ciki za a sayi magani, a biya gwaji, a nemi jini, a ciyar da sauran yara. Ya sayar da keke, matar ta sayar da kwanonin jerenta, sa'an nan kunya ta hana shi sake tambayar dangi. Da ya ce ba shi da shi, gara ya ce ya dangana.

Malamanmu na da ba su raba tawakkali da neman magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, da hannunsa ya wallafa littattafai kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Labarin balaraben da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya dogara ga Allah kuwa, kowane almajiri ya san shi. Limamin da ya zo duba yaro ya tofa masa addu'a, in ya ƙara da tambayar ranar komawa asibiti, maganarsa ta fi ta likita goma shiga kunnen uban.

Ku ma'aikatan hukuma, akwai abin da ke hannunku. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shigar da kowa, amma leburan da ba a rubuta sunansa a littafin kamfani ba, ta wace ƙofa zai shiga? Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Zakkar da aka biya wa yaro ɗuri ɗaya aka tsaya, kusan a ce ta tafi a banza. A lissafta maganinsa duka tun daga farko, a ajiye kuɗin a asibiti da sunansa. Ku kuma ɗalibai, ɗakin yara kullum cikin neman jini yake, kuma lafiyayyen saurayi na iya bayarwa bayan kowane wata uku.