Idan Rumbu Ya Ƙare: Cibiyar Manhajar Kwamfuta da Ƙarancin Ma'adana



Abin da aka nemi in yi jawabi a kansa yau abu ne da ido ba ya gani, amma a kansa amincin ajiyar mutane ya rataya, watau abin da cibiyar manhajar kwamfuta take yi sa'ad da ma'adanar da ta keɓe wa na'urori ta ƙare. Zan ɗauko yawancin misalaina daga Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, domin rubutunta a buɗe yake ga mai son dubawa.

Bari mu fara da sanin kayan aikin. Kowace kwamfuta tana da ma'adana, inda take ajiye bayanin da take juyawa a halin da ake ciki. Tana kuma da na'urori maƙale da ita, kamar faifan ajiya da katin sadarwa. Cibiyar manhaja, watau sashen nan da ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, ita ce mai rabon ma'adana. Na'urori kuwa ba sa jiran a ba su bayani loma-loma, su kan shiga ma'adana da kansu su ɗiba ko su zuba, hanyar da masana ke kira DMA. To, amma ba kowace na'ura ce hannunta ke kaiwa ko'ina ba. Na'urorin tsohon tsarin ISA, masu adireshi na bit 24, ba sa wuce megabait 16 na farko, masu bit 32 kuwa iyakarsu gigabait 4. Idan bayani yana can sama, sai cibiya ta kwafo shi zuwa wani rumbu da ta keɓe a ƙasa, inda na'urar za ta iya kaiwa. A Linux sunan wannan rumbu swiotlb, girmansa na asali kuwa megabait 64 ne.

Rumbu yana da iyaka, buƙata ba ta da ita, saboda haka ƙarewa tilas ce. Wani zai ce a ƙara girmansa mana. An yi haka, domin tun fitowar Linux 6.6 a 2023 akwai zaɓin barin rumbun ya yi ta faɗaɗa. Amma wannan jinkirta ranar ne kawai. Wani kuma zai ce mai roƙo ya jira har wuri ya samu. Jira yana yiwuwa ga wasu ayyuka. Amma idan na'ura ta yi kiran gaggawa, cibiya ta ajiye abin da take yi ta amsa, to a wannan hali an hana ta jira, tilas ta ba da amsa nan take: akwai ko babu. Tambayar ita ce, me zai biyo bayan babu?

Hanya ta farko ita ce zubarwa. Katin sadarwa idan ya rasa wurin ajiye ƙunshin saƙon da ya iso, sai a yar da ƙunshin, a ƙidaya shi cikin asara. Wannan ba sakaci ba ne, domin ƙa'idar TCP ta tanadi cewa mai aikawa zai sake aiko abin da bai ji labarin isarsa ba, ya kuma rage sauri.

Hanya ta biyu ita ce mayarwa layi. Faifai ba a yi masa irin waccan zubarwa, gama abin da ke hannunsa yana iya zama lissafin albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawa, ba kuwa mai sake aiko shi. Saboda haka direba, watau 'yar manhajar da ke sarrafa na'urar, sai ya shaida wa cibiya cewa ba wuri yanzu, a riƙe aikin a sake gwadawa idan wani ya kammala. Amma fa wajibi ne direban ya duba amsar da aka ba shi. In bai duba ba, zai miƙa wa na'ura adireshin banza, ita kuwa ta zuba bayani a kan ajiyar wani ba tare da kowa ya sani ba. Wannan ɓarna ta fi tsayawar kwamfuta muni.

Hanya ta uku, wadda nake so ku fi riƙewa, ita ce tanadi. Idan ma'adana ta cika, maganin shi ne a kwashe wani bayani zuwa faifai domin a sami fili. Amma kwashewar ita kanta tana bukatar ɗan wuri a ma'adana. Idan an riga an rabar da komai, sai kowa ya tsaya yana jiran kowa har abada. Manomi ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa komai tsananin yunwa ba ya cin iri. A 2001 Ingo Molnar ya shigar da irin wannan dabara cikin Linux, ana kiranta mempool: a ware 'yan gurabe tun farko domin aikin da ke samar da fili, kuma duk gurbin da aka ara zai dawo da zarar rubutu ya kammala. Ko da ɗaya-ɗaya ne, aiki ba zai tsaya ba.

Wannan hikima ta girmi Linux. Ranar 20 ga Yuli, 1969, sa'ad da Neil Armstrong da Buzz Aldrin ke sauka a kan wata cikin tafiyar Apollo 11, kwamfutar kumbonsu ta nuna gargaɗi mai lamba 1202 da 1201. Ma'anarsa ita ce guraben da ake ba ayyuka sun ƙare, domin saƙonnin na'urar rada sun cinye wani kaso na lokacinta, ayyuka suka taru ba su kammala ba. Manhajar ba ta daskare ba. Sai ta watsar da ƙananan ayyuka, ta sake tashi da muhimmai, irin su sarrafa tuƙi, aka kuwa sauka lafiya. An tsara mata abin yi tun kafin ranar ta zo.

Saboda haka, ku ɗalibai da za ku rubuta irin waɗannan manhajoji, Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Duk inda kuka roƙi ma'adana, ku tambayi kanku abu uku: wannan aiki zai iya jira? In an ce babu, me za a zubar, me za a riƙe? Aikin da zai samar da fili, an ware masa nasa iri? Sa'an nan ku jarraba. Linux tana da kayan gwaji da ke hana ma'adana da gangan, domin a ga halin direba a ranar rashi. Ku yi amfani da su tun kuna ɗakin gwaji, kafin ajiyar jama'a ta shiga hannunku.