Matsalolin Birkin Tsohuwar Babbar Mota

An nemi mu yi bayani a kan birkin tsofaffin motocinmu, waɗanda su ke ɗauko mana shanu da tumatir da albasa daga gida, su koma da goro da manja. Galibinsu sun girmi yaran da ke bin su.

Da farko, kowa ya san irin birkin motarsa. Ƙananan motocin kaya irin su Kanta da Dyna suna aiki da man birki, sai wata baƙar tukunya a bayan masta mai taimakon ƙafar direba ta hanyar zuƙar iska. Kanikawa na ce mata busta ko sabo, amma fa ba Sabon da mu ke zaune ba. Marsandi 911, irin waɗanda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu, ita mai ne a ƙafafu, matsattsiyar iska ke tura shi. Tireloli kuwa, DAF da Mack da MAN, iska ce zalla.

To, mu fara da mai sabo. Idan birki ya yi tauri kamar ka taka dutse, mota kuma ta ƙi tsayawa sai ka miƙe a kansa, kada a yi saurin sayen sabuwar masta. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a bar ƙafa a kai, sannan a tayar da mota. In sabo na da lafiya, za ka ji birkin ya ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. In bai motsa ba, a bi tiyon da ya shiga tukunyar. Sau da yawa tsagewa ya yi, ko ya tsufa yana lanƙwamewa in an zuƙa. A bakinsa akwai ɗan bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. A cire a hura, in ta wuce ta ko'ina ya mutu. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a tuhumi robar cikin tukunyar, ita kuma alamarta ka ji tsiii a wajen ƙafa duk lokacin da ka taka.

Masu dizal su lura a nan. Injin dizal ba ya samar da wannan zuƙar da kansa kamar na fetur, famfo a ke sa masa, kuma a motoci da yawa famfon yana bayan altaneta. Ke nan in bel ya saki ko ya tsinke, ba cajin batir kaɗai ka rasa ba, har da taimakon birki. Wanda fitilar caji ta kama masa a hanya ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari, to ya san da abin da ya ke wasa.

In kuwa birkin laushi ya ke kamar soso, iska ce ta shiga mai. A fitar da ita, a faro daga tayar da ta fi nisa da masta. In ka danne ya riƙa tafiya a hankali har ƙasa, robobin masta ne suka cinye. In sai ka taka sau biyu ya ke kamawa, layinin ya yi nisa da daram, a yi masa saiti. Wani lokaci mai na raguwa, an duba tayoyi ba yoyo. A kwance masta a leƙa cikin sabo, can ya ke taruwa.

Maganar mai tana da muhimmanci a nan Kudu. Man birki yana shan danshi, mu kuma ruwa kusan wata bakwai ko takwas a shekara. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. Da ya tafasa, birki ya tafi ƙasa ke nan. A canza shi duk shekara biyu, in da hali duk shekara. Masu zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare, da masu zuba baƙin mai wanda ke kumbura robobi, da masu toshe bututun taya ɗaya da ƙusa don tana yoyo, muna roƙonku ku bari. Motar da aka toshe wa ƙafa ɗaya gefe za ta ja ranar da ka taka da ƙarfi.

Masu iska, aikinku na kowace safiya shi ne tsiyaye ruwan tanki. In baƙin mai ya biyo ruwan, kwamfiresa ta gaji. A bar geji ya cika, wajen 7 zuwa 8 a ma'aunin ba, a sa waigi, a kashe inji, a danne birki minti ɗaya ana kallon allura. In tana sauka ido na gani, akwai yoyo. A shafa kumfar sabulu a mahaɗan bututu, inda ta yi ƙwai-ƙwai nan ne. Wannan ne kaɗai wurin da sabulu ke da aiki a birki. Kuma ƙarar nan mai gargaɗin ƙarancin iska, wasu kan cire wayarta wai tana damunsu. Maigida, in ka hau motarka ka buɗe makulli tanki ba iska ba ka ji ta ba, tambayi direbanka.

Sai gangara, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, ko ta Ugwu Onyeama a Inugu. A sa ƙaramar giya tun daga sama, wadda ka hau da ita ko ƙasa da ita. Sakin mota furi don tsimin gas shi ke kashe mutane: inji na sulo, kwamfiresa ba ta cika tanki, daram ya yi zafi ya buɗe, layinin ya daina kamawa. Ƙarin lodi kuma ƙarin zafi ne. Ba mu manta da gadar Otedola a Legas ba, inda a watan Yunin 2018 tankar mai ta kama da wuta, motoci fiye da 50 suka ƙone, aka rasa rayuka, hukuma kuma ta ce birki ne ya ƙi.

Yaron mota, kai ma kana da aiki. Duk inda aka tsaya bayan gangara, zagaya ka kai hannu kusa da kowane daram, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi yana riƙewa, wanda ya ke da sanyi ba ya aiki sam. Ka gaya wa direba kafin a ɗaga.