Jawabi Game da Tsaron Takardu a Manyan Makarantu

Wannan jawabi zuwa ga hakimai ne da malaman ofis, gama su ne suka san nauyin ajiye takardun jama'a.

A zamanin yau manyan makarantu suna ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗi a cikin kwamfuta. Ɓarayin irin wannan ajiya kuwa ba sa fasa ƙofa, ta intanet suke shigowa.

Ga abin da ya sami Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan. A watan Oktoba na 1919 babu wanda zai yi zaton haka, amma a Oktoba na 2019 wasu ɓarayi suka aika da wasiƙun yaudara, aka buɗe, suka sami hanyar shiga. Suka yi wata biyu suna leƙen asirin wurin, sa'an nan ran 23 ga Disamba suka kulle ajiyar, har da wani sashe na kwafin da aka tanada saboda ɓacin rana. Jami'a ta rasa yadda za ta yi, ta biya fansa wajen Yuro 200,000.

To, shugabanninta ba su rufe maganar don jin kunya ba. Ran 5 ga Fabrairu 1920 ba ita ce ranar ba, ran 5 ga Fabrairu 2020 ne suka kira taro, suka bayyana inda aka yi sakaci: akwai na'urorin da ba a sabunta musu kariya ba, kwafin ajiya kuma ba a raba shi da sauran ba. Sauran makarantu suka ji, kowace ta koma ta duba gidanta.

A Amurka ma tun 2003 aka kafa wata cibiya a Jami'ar Indiyana, ana kiranta REN-ISAC, inda ɗaruruwan makarantu ke sanar da juna sabuwar dabarar ɓarayi da maganinta.

Dalilin wannan a fili yake. Ɓarawon da dabararsa ta ci a wuri ɗaya, da ita zai je wuri na gaba. Wanda ya ɓoye asararsa ya bar maƙwabcinsa a buɗe. Saboda haka ya kamata duk mai riƙe da amanar takardu ya ajiye kwafi a wani wuri dabam, kada ya buɗe wasiƙar da bai san mafarinta ba, in kuwa ɓarna ta auku ya gaggauta sanar da na gaba da shi da maƙwabtansa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na kai ruwa.